Furen Kirisantamam: Yadda Ake Kare Shi Daga Bushewa

GABATARWA

Duk wanda ya bi manyan titunan Abuja, ko Kaduna, ko Jos, ko Ikko, zai ga masu sana'ar tsire-tsire sun jera tukwane da ledoji a bakin hanya, kowanne da irin shukar da ke cikinsa. Daga cikin furannin da suke sayarwa akwai wani da Turawa ke kira kirisantamam, mai yin fure cunkus a kan reshe, wani rawaya, wani fari, wani ja, wani kuma ruwan hoda. Mutum yakan gan shi ya yi sha'awa, ya biya kuɗi ya kai gida, amma kafin mako biyu sai ya tarar ganyen ƙasa ya ƙone, furen ya sunkuyar da kai, daga nan sai kara. Mai saye ya ce an sayar masa da marar lafiya, mai sayarwa kuma ya ce laifin iska ne.

Asarar mai gida ba ta wuce kuɗin tukunya ɗaya ko biyu ba. Amma ga wanda wannan ita ce sana'arsa, wanda ya yi wata uku yana sayen ruwa da taki yana jiran ranar da furen zai buɗe, bushewar komi guda tana iya cinye jarinsa duka. Saboda haka aka shirya wannan ɗan littafi, domin a bayyana wa jama'a halin wannan fure, da abin da ke busar da shi, da hanyoyin da za a bi a tsare shi, ko yana lambu, ko yana tukunya, ko kuwa an yanke shi an sa a ruwa.

ASALINSA

Kirisantamam baƙo ne a ƙasar nan. Asalinsa daga ƙasar Sin ne, inda aka fi shekara dubu biyu ana shuka shi. Mawaƙin nan na Sin, Tao Yuanming, wanda ya rayu daga shekarar 365 zuwa 427, ya shahara da ƙaunar wannan fure, har ya zama ba a ambaton ɗaya sai an tuna da ɗayan. Daga Sin ya ƙetara zuwa Japan, inda ake kiransa kiku, ya sami ɗaukaka har ya zama tambarin gidan sarauta. Hoton furen mai kunnuwa 16 shi ne a bangon fasfo na mutanen Japan.

A shekarar 1753 masanin tsire-tsire Carl Linnaeus, mutumin Suwidin, ya tabbatar masa da sunan da aka san shi da shi a littattafan ilmi. An haɗa sunan ne daga kalmomi biyu na Girkanci, ɗaya tana nufin zinariya, ɗaya tana nufin fure, domin kuwa na daji yawanci rawaya ne. A 1789 wani ɗan kasuwa na birnin Marsai a Faransa, Pierre Blancard, ya kawo irinsa daga Sin, daga nan ya bazu cikin lambunan Turai, har ya iso Afirka.

Danginsa ɗaya da latas da shuwaka. Wani ɗan uwansa mai farin fure, wanda ake nomawa a Kenya da Tanzaniya da Ruwanda da tsibirin Tasmaniya, shi ne ake tatsar maganin ƙwari daga furensa. Abin da mai kallo ke ɗauka fure ɗaya ne, a haƙiƙa taron 'yan ƙananan furanni ne masu yawan gaske a kan kai guda, kowannensu kuwa yana buƙatar rabonsa na ruwa.

Abin da ya kamata mai lambu ya riƙe daga wannan tarihi shi ne cewa furen na ƙasashen sanyi ne, kuma a can yana buɗewa ne da kaka, lokacin da zafi ya sauka, dare ya fara tsawo. Ya fi jin daɗi idan zafin wuri yana tsakanin digiri 15 da 24 a ma'aunin santigiret. Shi ya sa yake yin kyau a Jos, wadda ke bisa tudu mai tsayin kimanin mita 1,200 daga gaɓar teku, da tsaunin Mambila a Jihar Taraba, da na Obudu a Jihar Kuros Riba. A sauran wurare yana yiwuwa, amma sai an taimake shi.

ABIN DA KE BUSAR DA SHI

Kowace shuka tana shan ruwa ta saiwa, ruwan ya hau ta cikin kara zuwa ganye, sa'an nan ya fita ya bi iska ta wasu 'yan ƙofofi da ke jikin ganyen, waɗanda ido ba ya gani. Fiye da kashi 95 cikin 100 na ruwan da shuka ta sha ta nan yake fita. Muddin abin da ke shiga ta saiwa ya yi daidai da abin da ke fita ta ganye, shuka tana tsaye gar. Da zarar mai fita ya rinjayi mai shiga, sai yaushi ya kama ta, in abin ya daɗe kuma ta bushe.

Abubuwa huɗu ne suka sa kirisantamam ya fi wasu furanni saurin shiga wannan hali a Nijeriya.

Na farko, saiwarsa ba ta nitsa. Siraran jijiyoyi ne masu yawa, kuma galibinsu suna cikin santimita 15 zuwa 20 na saman ƙasa, watau kimanin taƙi guda. Wannan kuwa shi ne ɓangaren ƙasa da rana ke fara busarwa. Itacen da saiwarsa ta yi zurfi yana iya shan laimar ƙarƙashi, shi kuwa wannan fure ba ya kai wa gare ta.

Na biyu, iskar hunturu. Daga watan Nuwamba zuwa Fabrairu iska tana busowa daga hamadar Sahara ta arewa maso gabas, a bushe ƙayau, har a garuruwa irin su Kano da Sakkwato da Maiduguri laimar iska da rana tsaka takan sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100. Iskar da ke tsattsaga leɓe da dunduniya ita ce ke zuƙe ruwan ganye. Mutane da yawa suna rage ban ruwa a lokacin domin suna jin sanyi, alhali kuwa lokacin ne shukar ta fi ƙishirwa. Bugu da ƙari, ƙurar hazo tana kwanciya a kan ganye, ta rage masa hasken da yake yin abinci da shi.

Na uku, zafin bazara. A watannin Maris da Afrilu zafi yakan wuce digiri 40 a arewa mai nisa. Idan zafi ya haura digiri 30 kwana da kwanaki, furen yakan yi jinkirin buɗewa, launinsa ya kwashe, gefen kunnuwansa ya ƙone.

Na huɗu ya shafi tsawon dare. A shekarar 1920 wasu masana biyu na Ma'aikatar Aikin Gona ta Amurka, W. W. Garner da H. A. Allard, suka bayyana cewa akwai tsire-tsiren da tsawon yini da dare ke faɗa musu lokacin yin fure. Kirisantamam yana cikinsu: sai dare ya yi tsawo yake ɗaura fure. A Turai daren bazararsu gajere ne, don haka shukar tana samun watanni tana yin ganye da saiwa kafin ta fara fure. A Nijeriya kuwa dare ba ya kasa awa 11 a kowane wata na shekara. Saboda haka yawancin ire-irensa suna gaggawar ɗaura fure tun suna ƙanana, kafin saiwa ta yi ƙarfi, sai a sami ɗan ƙaramin tushe yana ɗauke da nauyin da ya fi ƙarfinsa. Irin wannan shi ne ke bushewa cikin yini guda.

ZAƁEN WURI DA SHIRYA ƘASA

Hausawa na cewa tun ran gini tun ran zane. Rabin aikin kare wannan fure ana yinsa ne kafin a dasa shi.

Yana son hasken rana na awa biyar zuwa shida a yini, kuma ranar safe ta fi masa. Wurin da ya dace shi ne gabashin ɗaki ko gabashin katanga, inda zai sha hantsi, inuwa ta rufe shi daga azahar. A guji gindin bangon siminti mai kallon yamma, domin yana tara zafi ya yi ta gasa shukar har bayan magariba. A guji ƙarƙashin darbejiya ko mangwaro, domin saiwarsu za ta shanye ruwan da aka zuba. Har ila yau kada a dasa shi ƙarƙashin fitilar da ke kwana a kunne, domin hasken zai katse masa dare ya hana furen fitowa a kan lokaci.

Inda hunturu ke da ƙarfi, a kafa zana ko darnin kara ta gefen arewa da gabas. Shingen da iska ke ɗan ratsawa ya fi bango rufaffe, domin iskar da ta bugi bango takan tsallake ta faɗo da ƙarfi a bayansa. Da bazara kuma a yi 'yar rumfa ta zana mai shara-shara wadda za ta tace ranar tsakar yini.

Game da ƙasa, jigawa zalla ba ta riƙe ruwa, laka zalla kuwa tana riƙe shi fiye da kima har saiwa ta ruɓe. Maganin duka biyun ɗaya ne, watau ruɓaɓɓen takin gida. A kafce komi zurfin santimita 25 zuwa 30, a zuba taki bokiti ɗaya ko biyu a kowace murabba'in mita, a cuɗanya sosai. Wajibi ne takin ya zama wanda ya kwana biyu, ya yi baƙi ya daina wari. Ɗanyen kashin kaji yana ƙona saiwa, kuma ƙunar tana kama da ta ƙishirwa, har mai lambu ya yi ta ƙara ruwa a banza.

A kudancin ƙasa da sauran wuraren da ruwan sama ke da yawa, a ɗaga komin ya yi tudu kamar taƙi guda domin ruwa ya riƙa tsiyayewa. A arewa, ga shukar rani, a yi fangali mai ɗan zurfi wanda zai tare ruwan. A bar tazarar santimita 45 tsakanin tushe da tushe. A yi dashe da la'asar, a ba shi ruwa nan take, a yi masa inuwa ta kwana uku ko huɗu. A arewa lokacin da ya fi dacewa shi ne ƙarshen damina, cikin Agusta ko Satumba, domin saiwa ta kama da sauran laima, furen kuma ya buɗe cikin sanyi kafin bazara ta kawo kai.

Idan dashe ya kai tsawon santimita 15, a sa farce a tsinke kansa kamar gaɓar yatsa ɗaya. Bayan mako uku, sa'ad da sababbin rassa suka yi tsawo, a sake tsinke kawunansu. Duk ƙullin furen da ya fito a wannan tsakani a cire shi, ko da yake abin da wuya ga mai ɗokin ganin fure. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Wannan yana ba saiwa lokacin yaɗuwa, ya kuma sa tushe ya yi rassa da yawa waɗanda za su yi wa gindinsa inuwa. Manyan masu noman fure a ƙasashe masu zafi suna kunna fitila a kan gonar na kimanin awa huɗu a tsakiyar dare cikin makonnin farko, domin shukar ta ci gaba da girma. Bayan an daina kunnawa, yawancin ire-iren sukan buɗe cikin mako 7 zuwa 11.

BAN RUWA

A lokacin da ba zafi ba iska, shukar tana buƙatar kimanin lita 25 na ruwa a kowace murabba'in mita a mako, watau babbar jarka guda. Komi mai faɗin mita ɗaya da tsawon mita uku zai sha jarka uku ke nan. Da hunturu ko bazara, musamman a jigawa, buƙatar tana iya ninkawa. Amma ƙasar ce za ta faɗi gaskiya. Mai lambu ya tura yatsa cikin ƙasa zuwa gaɓa ta biyu. In ya ji sanyi da laima, ya dakata. In ya ji ta a bushe, lokacin ban ruwa ya yi.

Ga ƙa'idojin da ya kamata a kiyaye:

1. A ba da ruwa da sassafe, bayan asuba zuwa hantsi. A lokacin ƙasa tana da sanyi, ruwan zai nitse kafin rana ta ɗauke shi, shukar kuma za ta shiga zafin yini da guzuri. Idan iska ta tsananta ana iya ƙarawa da la'asar.

2. A zuba a gindi, kada a watsa a kan ganye da fure. Ganyen da ya kwana a jiƙe shi ne cututtukan funfuna ke kamawa, furen da ya jiƙa kuwa yakan yi tabo ya ruɓe. Idan ƙura ta yi yawa, a wanke ganyen sau ɗaya a mako da safe, yadda zai bushe kafin azahar.

3. A ba da isasshe lokaci guda, har ya ratsa zurfin taƙi. Yayyafi kaɗan-kaɗan kowace rana yana jiƙa fatar ƙasa ne kawai, ya jawo saiwa sama inda rana za ta same ta. Sau biyu ko uku a mako na ƙoshi ya fi sau bakwai na ɗanɗano, sai fa sabon dashe da na tukunya, waɗanda ke son a leƙa su kullum.

4. A zuba a hankali. Ruwan da aka kwara da bokiti yana tone saiwa, ya gudu gefe. Butar ban ruwa ta fi, in babu ita a huhhuda gindin gwangwani da ƙusa.

5. A lura da irin ruwan. Ruwan alwala da na wanke shinkafa ko ganyen miya suna da amfani, kada a zubar da su a banza. Ruwan wanki mai garin sabulu da ruwan da ke da gishiri ko kanwa suna tara gishiri a ƙasa, gishirin kuwa yana hana saiwa shan ruwa ko da ƙasar a jiƙe take.

Inda ruwa ke da tsada akwai wata tsohuwar dabara. A sami tulu na yumɓu wanda ba a shafa masa kome ba, a binne shi har wuya a tsakiyar tushe uku ko huɗu, a cika shi da ruwa, a rufe bakinsa da kasko saboda sauro. Ruwan zai riƙa tsatsowa ta jikin tulun gwargwadon bushewar ƙasar da ke kewaye da shi, kuma kusan babu abin da rana za ta ɗauka. Sai dai a riƙa ƙara masa ruwa bayan kwana biyu ko uku.

RUFE GINDI

Ƙasar da aka bari tsirara tana saurin bushewa, tana kuma yin zafi har ta dafa saiwar da ke kusa da sama. Saboda haka a lulluɓe komin da busasshiyar ciyawa, ko ɓuntun shinkafa, ko ɓawon gyaɗa, ko ƙaiƙayi, kaurin santimita 5 zuwa 8. A jiƙa ƙasar sosai kafin a shimfiɗa. A bar fili kamar faɗin yatsu uku kewaye da karan, domin in abin rufin ya manne masa yakan jawo ruɓa. Ban da tsare laima, wannan yana hana ciyayi fitowa, ciyayi kuwa abokan rabon ruwa ne. Yana kuma rage buƙatar noma da fartanya, wadda kan sassare saiwar ba a sani ba.

Amma fa akwai gara. A wuraren da take da yawa, busasshiyar ciyawa tana kiranta. A riƙa ɗaga abin rufin sau ɗaya a mako ana dubawa. In an ga hanyoyinta, a kwashe, a bar wurin ya sha iska na 'yan kwanaki, sa'an nan a sa sabo marar kauri.

NA TUKUNYA

Shukar tukunya ba ta da inda za ta nemi ruwa sai abin da aka ba ta. Yawancin waɗanda ake sayowa sun riga sun cika mazubinsu da saiwa, har ba sauran ƙasar da za ta riƙe laima. Mai saye ya zaɓi wadda ƙullin furenta ya fi buɗaɗɗen yawa, ganyenta kore har ƙasa. In ya kai gida ya zare ta a hankali, ya ɗan warware saiwar da ta nannaɗe, ya mayar da ita cikin tukunyar da ta fi ta farko girma, mai huda a gindi, da haɗin ƙasar lambu kashi biyu, ruɓaɓɓen taki kashi ɗaya, yashi kashi ɗaya.

Baƙar leda da gwangwani suna ɗaukar zafi ƙwarai. Tukunyar ƙasa tana sanyaya saiwa, ko da yake ruwa ya fi saurin ƙarewa a cikinta. Kada a ajiye tukunya a kan daɓen siminti da rana ke duka. A ɗora ta bisa katako, ko a tara tukwanen wuri ɗaya su yi wa juna inuwa.

Idan ƙasar tukunya ta bushe har ta janye daga jikin tukunyar, ruwan da aka zuba zai bi ta gefe ya fita ba tare da ya jiƙa saiwa ba. A nan sai a tsoma tukunyar cikin bokitin ruwa na kimanin minti 30, har kumfar iska ta daina tasowa, a ciro ta ta tsiyaye, a ajiye a inuwa yini guda. Kada a bar ta zaune cikin ruwa ta kwana.

YAUSHI IRI-IRI NE

Ruwa ba ya tsami banza, haka kuma ganye ba ya yaushi banza. Kuskuren da aka fi yi shi ne a ɗauka kowane yaushi ƙishirwa ce. Kafin a ɗauki buta, a duba waɗannan alamu:

1. Ganye ya yi laushi da rana tsaka, ya miƙe da yamma, ƙasa kuwa da laima. Wannan zafi ne kawai. Inuwa yake so.

2. Ganye a yamutse tun da safe, ƙasa a bushe. Wannan ƙishirwa ce, a ba shi ruwa nan da nan.

3. Ganye a yamutse, ya fara rawaya, ƙasa kuwa jagab. Saiwa ce ta ruɓe don yawan ruwa, domin ita ma tana buƙatar iska. In an tona za a gan ta baƙa-baƙa mai laushi, maimakon fara mai ƙarfi. A tsayar da ban ruwa, a buɗe wa ruwan hanya. Ƙarin ruwa a nan shi ne ƙarasa ta.

4. Gefe ɗaya na tushe ya yi rawaya ya yi yaushi, in an tsaga karan a ga cikinsa ruwan ƙasa. Wannan cutar funfuna ce da ke zaune cikin ƙasa, tana toshe hanyoyin ruwa. Ba ta warkewa. A tumɓuke tushen a ƙone, kada a sa shi cikin taki, kuma kada a sake dasa irin wannan fure a wurin sai bayan shekaru.

5. Bakin ganye ya ƙone zagaye bayan an sa takin zamani. Takin ne ya yi yawa ko ya taɓa kara. A kwarara ruwa mai yawa ya wanke shi. Ba a sa takin zamani a busasshiyar ƙasa, kuma ana dainawa da zarar ƙullin fure ya fara nuna launi.

6. Ganye ya yi ɗige-ɗige fari-fari, a bayansa kuma akwai saƙa siririya. Wasu mitsi-mitsin gizo-gizo ne masu tsotsar ruwan ganye, kuma sun fi yaɗuwa lokacin zafi da ƙura. Haka darɓa, wadda ke taruwa a kan toho tana barin danƙo. A fesa wa bayan ganyen ruwa mai ƙarfi da safe, ko ruwan da aka jiƙa dakakken ƙwallon darbejiya a ciki aka tace, da ɗan sabulu kaɗan.

7. Ganyen ƙasa ya yi tabo ruwan ƙasa tsakanin jijiyoyinsa, abin yana hawa sama. Sau da yawa wata tsutsa ce da ido ba ya gani, wadda ke bin laimar jikin kara tana hawa. A cire ganyen da ya kamu a ƙone, a daina jiƙa ganye.

Wanda abin ya shige masa duhu ya ɗauki reshen da ya kamu ya kai wa malamin gona na yankinsa. Akwai kuma Cibiyar Binciken Kayan Lambu ta Ƙasa da ke Ibadan, wadda ta fara aiki a 1975, kuma furanni suna cikin abubuwan da take bincike a kansu. Kada a sayi maganin feshi sai an san cutar.

FUREN DA AKA YANKA

Kirisantamam yana cikin furannin da suka fi daɗewa bayan an yanke su. In an kula da shi yakan yi mako biyu ko fiye. Abin da ke kashe shi da wuri shi ne toshewar kara, ko dai iska ta shiga ta bakin yankan, ko kuwa ƙwayoyin bakteriya su yi yawa cikin ruwan su liƙe hanyoyin.

A ba shukar ruwa da yamma, a yi yankan washegari da sassafe, da wuƙa mai kaifi mai tsabta. A je da bokitin ruwa lambun, a tsoma kowane kara da zarar an yanke. A yanka kamar santimita 10 sama da ƙasa, domin gindin karan ya yi tauri, ba ya jan ruwa sosai. A cire duk ganyen da zai nitse cikin ruwa. Sa'an nan a sake datse santimita 2 ko 3 daga ƙasan karan a karkace, in da hali a cikin ruwa, a bar furannin a ɗaki mai sanyi na 'yan awoyi kafin a jera su ko a kai kasuwa. Wasu suna daddaka bakin karan da dutse wai don ya sha ruwa. Wannan ɓarna ce, domin yana murƙushe hanyoyin ruwan, ya kuma ba ƙwayoyin cuta abinci.

A wanke kwalbar da za a sa su da sabulu. A cikin lita ɗaya na ruwa a sa ƙaramin cokali ɗaya na sukari, da ƙaramin cokali biyu na ruwan lemon tsami, da rubu'in ƙaramin cokali na bilic, watau ruwan nan da ake cire tabon farin tufafi da shi. Sukari abinci ne, tsami yana sauƙaƙa hawan ruwa, bilic kuma yana kashe ƙwayoyin cuta. Kowanne a zuba shi cikin ruwan daban, kada a haɗa bilic da lemon tsami zalla, domin suna ta da iska mai guba. Kada kuma a wuce wannan awo na sukari, domin yawansa yana lalata ganyen wannan fure.

A sauya ruwan bayan kowane kwana biyu, a kuma ɗan datse karan. A nisanta kwalbar daga taga mai rana, da fanka, da murhu. Idan ganye ya yi yaushi alhali furen bai tsufa ba, a datse santimita 5 a tsoma karan cikin ruwan randa mai sanyi na awa biyu, yawanci zai farfaɗo. Mai kai wa kasuwa mai nisa ya naɗe furannin da jiƙaƙƙen buhun algarara ko takarda, ya yi tafiyarsa da dare ko da asuba.

GARGAƊI

Ruwan ganyen wannan fure yana sa wa wasu mutane ƙaiƙayi da ƙuraje, saboda haka a wanke hannu bayan aiki. Yana cutar da kyanwa da kare da doki idan suka ci. Gaskiya ne a ƙasar Sin ana shan shayin furen wasu ire-irensa da ake nomawa musamman don haka, amma na ado da ake sayarwa a bakin hanya kada a sha, domin mai yiwuwa an yi masa feshi. Ruwan kwalbar fure kuma a kawar da shi daga inda yara ke kaiwa.

KAMMALAWA

Furen da ya tsufa a riƙa tsinke shi, domin na bayansa su sami ruwa. Idan fure ya ƙare gaba ɗaya, karan zai bushe, amma wannan ba mutuwa ba ce. A datse shi a bar santimita 10 zuwa 15, a rage ruwa ba tare da an yanke shi ba, a rufe gindin, a yi masa inuwa har bazara ta wuce. Sababbin tsirrai za su fito daga gindi. Ana iya raba su a dasa, ko a yanki kan toho mai tsawon santimita 7 ko 8 a soka cikin jiƙaƙƙen yashi a inuwa, cikin mako biyu zuwa uku zai yi saiwa. Ta haka tushe guda da aka saya bana zai cika komi baɗi, mai lambu ya huta da sayen iri.

Ana roƙon wanda ya karanta wannan ɗan littafi ya karanta wa maƙwabcinsa da bai iya karatu ba, musamman masu sana'ar lambu. In kunne ya ji, jiki ya tsira.